Kamfani, Ɗan Kwangila ko Masu Jinga: Wa Za Ka Damƙa wa Gyaran Gidanka a Kaduna?

Duk wanda ya taɓa gyaran tsohon gida ya san cewa aikin ya sha bamban da gina sabo. A sabon gini daga fili ake farawa, kome a bayyane yake, ana iya auna shi a ƙiyasta kuɗinsa tun kafin a haƙa harsashi. A gyara kuwa, babban kason abin da za ka biya yana ɓoye a bayan filasta, a saman silin, ko a ƙarƙashin daɓe, kuma ba a sanin girman ɓarnar sai an fasa. Kafinta zai hau domin ya canza kwano goma, sai ya tarar gara ta cinye katakon da ke ɗauke da rufin gaba ɗaya. A ɓamɓare tayil ɗin banɗaki, a iske tsohon bututun ƙarfe ya yi tsatsa, ya daɗe yana tsiyayar da ruwa cikin bango. Mai gida ba ya iya rarrabe ƙarin kuɗi na gaskiya da wanda aka ƙirƙira, shi ya sa gyara ya fi kowane irin aikin gini buɗe ƙofar ha'inci, kuma shi ya sa zaɓen wanda za a ba aikin ya fi zaɓen launin fenti ko irin tayil muhimmanci nesa ba kusa ba.

A garin Kaduna hanyoyi huɗu ne mutane suka fi bi. Akwai mai ba kamfanin gini mai rajista; akwai mai ba ɗan kwangila mai zaman kansa, wanda a unguwa ake ce wa injiniya ko da bai karanci aikin ba; akwai mai sayen kayansa da kansa ya yi jinga da birkila da kafinta da fulamba ɗaya bayan ɗaya; sannan akwai mai yin jingar amma ya ɗauki ƙwararre ya biya shi domin ya sa ido. A kowace hanya akwai masu amana, akwai maha'inta. Abin da ya bambanta su shi ne yawan damar da kowace take ba mai gida ya gano matsala tun kuɗinsa bai ƙare ba.

Ma'aunan da za a ɗora kowa a kai

Na farko shi ne farashi, amma ba adadin da aka furta ranar farko ba. Farashin aiki shi ne duk abin da ya fita daga aljihunka tun daga tifar yashi ta farko har zuwa damina ta biyu bayan an gama. Takardar da ta zo da layi ɗaya, wai gyaran gida gaba ɗaya naira kaza, ba ƙiyasi ba ce. Ƙiyasi na ƙwarai yana faɗin buhunan siminti nawa, rodi mai wane kauri kuma guda nawa, kwano mai wane kauri, murabba'in mita nawa na tayil, sannan ya ware kuɗin aikin kowane ɓangare daban. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gini ba sa zama a farashi ɗaya; a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali watanni kaɗan kafin nan kusan rabin haka ake sayensa. Don haka dole ƙiyasi ya ɗauki ranar da aka yi shi, ya faɗi tsawon kwanakin da zai ci gaba da aiki, ya kuma fayyace wanda zai ɗauki bambanci idan kaya suka tashi ana tsakiyar aiki.

Na biyu shi ne ƙarko, kuma yanayin Kaduna ne alƙalinsa. Damina a nan takan fara daga wajen Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, da iska mai yaye rufi a farkonta da ruwa mai yawa a Agusta da Satumba, sannan hunturu ya biyo baya da bushewar da ke tsotse ruwan filasta tun ba ta kama ba. Aikin siminti yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfin da aka tsara masa. Wanda ya tsallake wannan domin sauri, bangonsa zai yi kyau ranar miƙa makulli, amma zai tsattsage kafin shekara ta zagayo. Gidajen da ke kusa da kogin Kaduna ko a kwari suna da ƙarin matsalar danshi da ke hawa bango daga ƙasa yana kumbura fenti, kuma fenti komai tsadarsa ba ya maganin wannan sai an toshe tushen danshin. Ƙarko yana cikin abubuwan da ido ba ya gani: ko an shafa wa katako maganin gara, ko wayar soket mai kaurin milimita 2.5 aka ja ko an saka ta 1.5 wadda ta fitila ce, ko rodin da aka kira mai kaurin milimita 12 da gaske ya cika 12.

Na uku shi ne sauƙi, wato yawan lokaci da kwanciyar hankalin da aikin zai ci maka. Ma'aikacin gwamnati da ke fita tun safe, ko ɗan kasuwar da ba ya iya barin rumfarsa, ba daidai yake da wanda ya yi ritaya yana zaune a gida ba.

Na huɗu shi ne haɗari, kuma tambaya ɗaya ce ke auna shi: idan aiki ya lalace, ko aka gudu da kuɗi, wa za ka riƙe, a ina za ka same shi, kuma da wace hujja? Na biyar, wanda ni na fi ba nauyi, shi ne ko amanar mutumin abu ce da za a iya bincikawa. Yawan fara'a, kyan mota, ko kasancewarsa a sahun gaba a masallaci ba hujja ba ce a kan iya aiki ko riƙon kuɗi. Hujja ita ce gidan da ya gyara shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda za ka je da ƙafarka, ba tare da shi ba, ka tambayi masu gidan ko ya gama a kan lokaci, ko ya nemi ƙari sau nawa, da kuma ko ya dawo da aka kira shi bayan an biya shi kuɗinsa duka. Gani ya kori ji, kuma aikin da ya sha damina biyu ya fi hotuna ɗari na waya faɗin gaskiya.

Kamfanin gini mai rajista

Wannan ita ce hanya mafi tsada a takarda, domin kamfani yana ɗora kuɗin ofis da albashin ma'aikata da riba, kuma yana iya ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Abin da kake saya da wannan ƙarin shi ne tsari: ƙiyasi mai rarrabe kome, yarjejeniya a rubuce, jadawalin aiki, da wani wanda doka ta san sunansa. A ƙa'idar kwangilar gini, mai aiki yakan riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin har zuwa wata 6 bayan kammalawa, domin a gyara duk aibin da ya bayyana, kuma kamfani na gaske ba ya mamakin wannan sharaɗi domin ya saba da shi. A aikin naira miliyan 20, alal misali, miliyan 1 ke nan za ta zauna a hannunka har rufin ya ga ruwa.

Sai dai kalmar rajista tana ruɗar mutane da yawa. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana nuna cewa an yi wa sunan rajista ne kawai, ba ta nuna cewa masu shi sun iya gini. Ana iya duba sunan kyauta a shafin hukumar na intanet a ga lambarsa da ko yana aiki, kuma ya kamata a duba, amma binciken bai ƙare a nan ba. Abin tambaya shi ne wane ƙwararre ne zai tsaya a kan aikinka: magini mai rajista da CORBON, injiniya mai rajista da COREN, ko mai zayyanar gini mai rajista da ARCON, wato hukumomin da ke yi wa masu waɗannan sana'o'i rajista. Ka nemi sunansa da lambarsa, ka tabbatar, ka kuma gan shi a wurin aikin ba a takarda kaɗai ba. Akwai kamfanonin da ofishinsu bai wuce jakar mai su ba, suna karɓar aiki su sayar wa wani, shi ma ya kira masu jingar da da kanka za ka iya kira, sai ka biya riba hawa biyu ba tare da samun ƙarin inganci ba. Wata matsalar kuma ita ce kamfani mai manyan ayyuka yakan raina ƙaramin gyara, ya tura maka yaransa marasa gogewa, ya riƙa janye ma'aikata duk lokacin da babban aiki ya kira.

Ta fuskar ƙarko, kamfani na ƙwarai ya fi kowa, musamman inda za a taɓa ginshiƙi, a cire bangon da ke ɗauke da nauyi, ko a ɗora bene. Ta fuskar sauƙi ma babu kamarsa, domin mutum ɗaya kake magana da shi, kuma ya san hanyar neman izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Kada a raina wannan batu. Fenti da canza tayil ba su kai ga neman izini ba, amma ƙara ɗaki, ɗora bene, matsar da katanga ko mayar da gaban gida shaguna abubuwa ne da ake neman amincewar hukumar kafin a fara, kuma mazauna Kaduna sun ga isassun gine-ginen da aka shafa wa jan fenti aka rushe. Duk wanda ya ce maka a yi kawai, babu abin da zai faru, to ba gidansa za a rushe ba.

Ɗan kwangila mai zaman kansa

Mafi yawan gyaran gidaje daga Kawo zuwa Kakuri, daga Rigasa zuwa Unguwar Rimi, ta wannan hanya ake yin sa. Mutum ne guda, sau da yawa tsohon birkila ko kafinta da ya gogu, wani lokaci kuma wanda ya karanta aikin gini a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana da mutanensa, ya karɓi aikin da kaya da kome a dunƙule. Farashinsa yana ƙasa da na kamfani, ana iya ciniki da shi, yana kuma zuwa da wuri. Idan aka dace da mai tsoron Allah wanda ya san aiki, babu hanyar da ta kai wannan daɗi, kuma akwai irinsu da yawa waɗanda sunansu ne jarinsu.

Matsalar tana cikin tsarin kansa. Idan aka dunƙule kaya da aiki a kuɗi ɗaya, duk buhun simintin da bai shiga bango ba riba ce ga ɗan kwangila, kuma shi ne mai saye, shi ne mai aiki, shi ne mai duba kansa. Nan ne ake miƙa buhu ɗaya ya yi aikin biyu, a saka kwano mai kaurin milimita 0.45 ko ƙasa da haka a madadin 0.55 da aka yi magana, a ja wayar da cikinta ba tagulla ba ce zalla, a binne bututu mai rauni a rufe shi da tayil mai kyau. Ba lallai mutumin ya fara da niyyar cuta ba. Sau da yawa ya karya farashi ne domin ya samu aikin, kaya suka tashi, sai ya rasa inda zai cike giɓin in ba a cikin bangonka ba. Saboda haka idan ƙiyasi uku suka zo, biyu suna kusa da juna, na ukun ya faɗo ƙasa sosai, na ukun ne abin tsoro. Araha ba ta ado.

Haɗari mafi girma shi ne kuɗin kafin alƙalami. Na ga wannan a gidanmu na gado a Tudun Wada, inda muka ba wani ɗan kwangila fiye da rabin kuɗin sauya rufi tun kafin ya kawo ko ƙusa ɗaya, saboda wani da muke girmamawa ne ya kawo shi. Ya yaye rufin ɗakuna biyu, ya ɓace kusan wata guda, daga baya muka gane cewa da kuɗinmu ya je ya ƙarasa aikin wani da ke matsa masa. Ruwan farko ya same mu a haka, silin da katifu suka lalace, mahaifiyarmu ta koma ɗakin baƙi da kayanta. Ya dawo ya gama daga ƙarshe, amma babu takardar da za mu riƙe shi da ita a kan asarar, kuma kunyar wanda ya haɗa mu ta hana mu ɗaga murya. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin shafi ɗaya na rubutu da biya kashi-kashi sun isa su hana faruwarsa.

Wanda ya zaɓi wannan hanya ya san gidan ɗan kwangilar da shagonsa, ba lambar waya kaɗai ba. Ya rubuta nau'i da kaurin kowane kaya a yarjejeniya, ya kuma sharɗanta cewa sai ya ga kayan a ƙasa kafin a yi amfani da su.

Sayen kaya da kanka, a yi jinga da masu sana'a

A nan kai ne ɗan kwangilar kanka. Za ka shiga kasuwar Panteka da sauran wuraren masu kayan gini ka yi ciniki, ka ajiye rasit, ka yi jinga da birkila a kan filasta, da kafinta a kan rufi, da mai wayarin a kan lantarki. Ita ce hanya mafi araha idan kome ya tafi daidai, domin ribar ɗan tsakiya ta zauna a aljihunka, kuma ka san ainihin abin da ya shiga ginin. Tana da wata fa'ida ga mai ƙaramin ƙarfi: ana iya yin aikin gaɓa-gaɓa, a yi rufi bana, a yi banɗaki idan albashi ko amfanin gona ya shigo.

Amma tana cin lokaci ƙwarai, kuma tana bukatar ilimin da yawancin masu gida ba su da shi. Sai ka san cewa yashi mai laka yana raunana filasta, kuma ana gane shi idan aka zuba a kwalba da ruwa aka girgiza aka bar shi ya kwanta. Sai ka san cewa bulon da ke marmashewa idan aka kankare shi da ƙusa bai sha siminti ba, cewa siminti yana daskarewa idan aka jibge shi a ƙasa mai danshi ko ya daɗe a ajiye, cewa kuma ba a shafa fenti a kan ɗanyar filasta. Sai ka san jerin aiki: fulamba da mai wayarin su gama binne nasu, a gwada bututu da ruwa a ga babu yoyo, sannan a yi filasta da tayil. Idan aka saɓa jerin, za a fasa abin da aka riga aka biya. Mai jinga kuma sauri yake so domin ya wuce wani aikin, don haka ba ruwansa da ba bango ruwa bayan ya tafi. Wanda ake biya kullum-kullum shi kuma ja yake so aikin ya yi. Sannan akwai salwantar kaya, buhu ɗaya yau, rodi biyu gobe, wadda ba a lura da ita sai an zo lissafi.

Babban rauninta shi ne babu mai ɗaukar laifi. Idan banɗaki ya yi yoyo, mai tayil zai ce fulamba ne, fulamba ya ce birkila ne ya fasa masa bututu, kai kuma ka sake biya. A aikin da ya shafi nauyin gini, wannan hanya ba ta dace ba sam, domin birkila, komai gogewarsa, ba shi ne mai lissafin ko tsohon harsashi zai ɗauki bene ba.

Jinga tare da ƙwararren mai sa ido

Wannan hanya ba ta yaɗu kamar sauran ba, amma a ganina ita ta fi dacewa da matsakaicin gyara. Kai ne mai sayen kaya ko mai biyan dila kai tsaye, masu sana'a suna aikinsu, sai ka ɗauki magini ko injiniya ko masanin ƙiyasin gini wanda ba ya sayar maka da kome, ka biya shi ladan da kuka yi yarjejeniya a kai. Shi zai zagaya gidan tun farko ya rubuta abin da ke bukatar gyara, ya fitar da adadin kaya, ya tsara jerin aiki, ya kuma zo ya duba a matakan da ba a komawa baya: kafin a zuba kankare a kan rodi, kafin a rufe katako da kwano, kafin a binne waya da bututu. Ba a biyan mai jinga sai ya ce aikin ya yi.

Ladansa ƙarin kuɗi ne, amma yakan dawo ta hanyar kayan da ba a yi asararsu ba da aikin da ba a maimaita ba. Ƙarfin tsarin shi ne an raba hannuwa: mai saye daban, mai aiki daban, mai dubawa daban. Rauninsa kuma shi ne idan mai sa idon ya haɗa baki da masu aikin ko yana karɓar kamasho a wurin dila, to an koma gidan jiya. Don haka kada ka bar ɗan kwangila ko birkila ya zaɓo maka wanda zai duba shi, kuma ka rubuta sau nawa zai zo a mako.

Ya kamata in faɗi wani abu a kan ɗora ɗan'uwa a wannan matsayi, domin 'yan Kaduna da ke aiki a Abuja, Legas ko ƙasar waje sun fi yin haka. Ƙani ko ɗan baffa yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, amma gaskiya ba ta koya masa bambancin rodi 10 da 12, kuma idan lissafi ya rikice ba za ka iya tuhumarsa ba tare da taɓa zumunci ba. Idan dole ne, a ba shi riƙon makulli da ƙirga kaya, a bar hukuncin inganci ga wanda ya karanci aikin.

| Ma'auni | Kamfani | Ɗan kwangila | Jinga kai tsaye | Jinga da mai sa ido |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | Mafi tsada | Matsakaici | Mafi araha | Ya ɗara jinga kaɗan |
| Ƙarko | Mai kyau idan akwai ƙwararre | Ya danganta da mutumin | Ya danganta da saninka | Mai kyau |
| Lokacinka | Kaɗan | Kaɗan zuwa matsakaici | Mai yawa ƙwarai | Matsakaici |
| Babban haɗari | Sayar da aikin ga wani | Rage kaya, tafiya da kuɗi | Kuskure da salwantar kaya | Haɗin baki |
| Wanda za ka riƙe | Kamfanin | Mutum ɗaya | Babu takamaimai | Mai sa ido da kowane mai jinga |

Abin da ba ya canzawa ko wace hanya aka bi

A rubuta yarjejeniya, ko da aikin na kwana uku ne, da shaidu biyu da sa hannu. Wasu suna jin nauyin neman rubutu daga wanda suka sani, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, ba kuma don ana zargin kowa ba. Takardar ta faɗi aikin da za a yi ɗaki-ɗaki, nau'in kaya, ranar farawa da gamawa, da wanda zai mallaki tsofaffin ƙofofi da kwanon da aka cire, domin ko wannan yana haddasa rigima. Ta kuma ƙunshi sharaɗin da ya fi muhimmanci a gyara: duk ɓarnar da aka gano bayan an fasa, a tsaya a nuna wa mai gida, a amince da kuɗinta a rubuce kafin a ci gaba. Kai ma ka ware wani abu a gefe, ko da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne, domin tsohon gida ba ya rasa abin da ya ɓoye.

Kuɗi kuma ya riƙa bin bayan aiki, kada ya riga shi. A biya mataki-mataki ta banki domin a sami shaida, idan kuma ana bukatar kuɗin kaya masu yawa, a biya dila kai tsaye a sauke su a gidanka. Haƙƙi ne a kan mai gida shi ma ya biya a kan lokaci idan mataki ya cika, domin mai jan kuɗin lebura da birkila shi ke tura su ga ha'inci, kuma masu aiki na ƙwarai suna gudun irin wannan mai gida kamar yadda yake gudun maha'inci.

Wace hanya ta dace da wa

Idan aikinka ya shafi ɗora bene, cire bango mai ɗauke da nauyi, tsagewar da ta taso daga harsashi, ko mayar da gida makaranta ko shaguna, ka nufi kamfanin da ke da injiniya mai rajista, ka nemi izinin KASUPDA, ka kuma tabbatar takardun filinka a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar, suna daidai. Idan kuɗin hakan bai samu ba, a dakata har ya samu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin a nan rayuka ake magana.

Idan matsakaicin gyara ne, kamar sauya rufi, sabunta banɗakuna da kicin, sake wayarin da fenti, kuma kana cikin gari kana iya leƙawa da yamma, jinga da mai sa ido ta fi ba ka inganci a kan kuɗinka. Irin tsofaffin gidajen Malali da Barnawa, inda ake iya samun silin asbestos da tsohuwar waya, sun fi bukatar wannan, domin ƙurar asbestos tana cutar da huhu, ba a fasa shi da guduma a share kamar sauran shara.

Idan ba ka da lokaci ko kaɗan, aikin kuma bai kai girman da kamfani zai kula da shi ba, ɗan kwangila mai zaman kansa ya dace, bisa sharaɗin ka ga tsofaffin ayyukansa biyu ko uku, ka fara gwada shi da ɓangare ɗaya kamar banɗaki guda, sannan ka sake masa sauran. Wanda ke nesa da Kaduna ya haɗa wannan da mai sa ido na daban wanda zai riƙa aiko masa da rahoto kafin kowane biya. Haka ma hajiyar da ke riƙe da gidan marayu: ta sa a karanta mata ƙiyasin a gaban wani nata da ya san gini, kuɗin kuma su fita daga asusunta zuwa dila, ba ta hannun kowa ba.

Idan kuwa ƙaramin aiki ne na sana'a ɗaya, fentin ɗakuna, gyaran sokawe, canza ƙofa ko toshe yoyon kwano, jinga kai tsaye ta wadatar, kuma ɗauko kamfani ɓarnar kuɗi ce. Mai aikin rufi dai ya tsara shi tsakanin Nuwamba da Maris, ya tabbatar sabon kwano da katako suna ajiye a tsakar gida kafin a cire ƙusa ɗaya daga tsohon.